Yatsan da aka dangwala a caji ofis

Bara waccan, bayan an cire amfanin gona, rigima ta tashi a ƙauyenmu nan Jigawa tsakanin manoma da makiyaya a kan harawar wake. Kafin magariba an rasa rai ɗaya. Da asuba motar 'yan sanda ta kwashe samari shida, cikinsu har da ɗan gwaggona, wanda a ranar yana kasuwar Maigatari ya kai tumaki.

Na ce mata, "Gwaggo, a nemo lauya yau ɗin nan." Ta dube ni sheƙeƙe. "Kai yaro, mai gaskiya me zai yi da lauya? Ai ɗaukar lauya kamar mun yarda ya yi ne." Haka mutanenmu da yawa suke gani, kuma wannan fahimtar ta ci gonaki da shekarun mutane fiye da yadda ake zato.

Kwana huɗu aka yi ana zarya da wani mai shiga tsakani da ya ce ya san manya. An jinginar da gonar fadama an damƙa masa kuɗi. Kafin lauya ya shigo, yaron ya riga ya dangwala yatsa a takardar da aka rubuta da Turanci, shi ko boko bai wuce aji uku ba. A ciki an ce ya amsa yana wurin da sanda a hannu.

Laifin kisa ba majistare ke yanke shi ba, na babbar kotu ne. Majistare sai dai ya aika mutum gidan yari a jira shawarar ma'aikatar shari'a, jiran da kan ci watanni. Mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen yarin Najeriya irin waɗannan ne, ba a yanke musu hukunci ba.

Abin takaicin, doka ba ta bar talaka haka ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar ya yi shiru har sai ya ga lauya, ya kuma ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Sashe na 36 ya ce ba shi da laifi sai an tabbatar, kuma a ba shi tafinta kyauta. Dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar ikirarin da aka samo da azabtarwa, tun 2017 ma azabtarwar kanta laifi ce mai dokarta. Amma wa zai tuna wa ɗan ƙauye wannan yana tsugune bayan kanta, ƙafa ba takalmi?

Na zauna a kotu na ga aikin lauyan da idona, kuma ban ji ya yi ƙarya ko ɗaya ba. Tambayoyi kawai ya yi. Da wane harshe yaron ya yi magana? Wa ya fassara? Ina shi mai fassarar, me ya hana a kawo shi ya ba da shaida? Sai da aka yi wata ƙaramar shari'a a cikin babbar, a kan takardar nan kaɗai. Ya nemi rahoton likita, ya gwada raunin da aka rubuta da sandar da ake faɗa. Ya aika aka nemo dillalin da ya sayar da tumakin ranar Alhamis ɗin. Da wata shida aka ƙara, ina dillali zai tuna?

Masu cewa kare wanda ake zargi da kisa haɗa baki ne da azzalumi, su koma ga malamansu. Sahabi Ma'izu da ƙafarsa ya zo ya yi ikirarin zina, Manzon Allah (SAW) ya riƙa kawar da kai yana sake tambayarsa. Fiƙihun da muke karantawa a zaure shi ya koya mana cewa shubuha tana kawar da haddi. Kuma dangin mamacin, Allah ya jiƙansa, ba abin da za su ƙaru da shi idan aka ɗaure wanda bai yi ba, wanda ya yi yana yawo a gari.

Ban ce duk lauyoyi salihai ba ne. Akwai mai karɓar kuɗi ya kashe waya ranar zama. Tambayi wanda ya saba da manyan laifuka, don gwanin shari'ar gado daban, na kisa daban. Idan babu hali, akwai hukumar lauyoyin taimako ta Gwamnatin Tarayya da aka kafa tun 1976, tana da ofis a Dutse da Kano, kuma a laifin da hukuncinsa kisa ne dole kotu ta sama wa mutum lauya.

An sallami yaron bayan shekara ɗaya da wata bakwai. Gonar fadamar har yau tana hannun wanda aka jinginar wa, shi ya noma shinkafa a cikinta bana.