Ku bar direban jirgi ya rage gudu

Mu Sakkwatawa sai mun sha doguwar tafiya a mota har Kaduna kafin mu hau jirgin ƙasa na Abuja, tunda dogon da ya taso daga Zariya a Ƙauran Namoda ya tsaya. Shi ya sa masu tsaki da zarar jirgi ya rage gudu a mahaɗar layi suke ƙona mini rai. Haba jama'a! Layin nan ɗaya ne, dole wani ya ratse gefe wani ya wuce. Wurin ratsewar kuma kwana ce, ƙarfen da ke karkatar da ƙafafun jirgi siriri ne a baki. In direba ya shiga da gudu tarago ya kauce, wa zai kwashe mu? Amma mutum na duba agogo, wai direba barci yake yi.