Baƙar ledar da ke ƙasan adakar Hajiya

Shekara nawa ke nan ina cewa bayan sallah zan zauna in gyara hotunan gidanmu? Ƙaramar sallah ta wuce, in ce sai bayan layya. Layya ta wuce, in ce bari zafi ya sauka tukuna. Su kuwa hotunan suna nan cikin wata baƙar leda a ƙasan adakar Hajiya, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa sai ranar biki. Na kuma san ba gidanmu kaɗai ba ne. Duk wanda ya tashi a nan Damagaram, a unguwar Birni ko Zango ko Garin Malam, ya je ya bincika ɗakin tsohuwarsa, zai tarar da irin wannan ledar, ko wani gwangwanin alawa da ya yi tsatsa.

In aka tambaye mu sai mu ce rashin lokaci. Ni dai ban yarda ba. Mutumin da zai zauna a fada tun bayan isha'i yana jiran shayi har zubi na uku, lokaci bai yi masa ƙaranci ba. Tsoron ledar muke yi, kuma sai da na buɗe ta na gane haka.

Ba don son raina na buɗe ba. Daminar 2024 ce, wadda ta kayar da tsohon masallacin Birni, ta sa ɗakin Hajiya yoyo, ruwa ya shiga adaka ta ƙasa. Fuskar hoto wani siririn danƙo ne, in ya sha laima sai ya kama na kusa da shi. Na tarar da wajen guda ashirin sun zama ƙulli ɗaya kamar an dafa su. Na yi garaje na ɓamɓare biyu, rabin fuskar Baba ta bi bayan wani hoton suna. Daga nan na cire hannuna.

Da yamma na shimfiɗa tabarma na zazzage sauran a gaban Hajiya. Da farko abin dariya ne. Ga Kawu da wando mai faɗin ƙafa zamanin ƙungiyoyin Samariya, lokacin mulkin shugaba Seyni Kunce, ya dafa wata rediyo da ba tasa ba a shagon mai hoto. Ga ni da allon lakwal a ƙirji, kai kamar ƙwarya. Sai muka zo kan wani na Baba zaune a kujera, Hajiya tsaye a damansa, hagunsa kuma an yanke da almakashi. Hannu kaɗai ya rage a kafaɗarsa, da lalle da awarwaro.

Na ce, "Hajiya, hannun wa ne wannan?"

Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Ta ce, "Kai, wuce na gaba."

Na wuce. Amma na san hannun. Abokiyar zamanta ce da aka rabu da ita tun ina ƙarami, kuma ɗanta, ƙanena, yana nan Kano, muna waya kullum. To in na yi albam, wannan hoton in sa shi ko in bar shi? In na sa, na tono abin da aka binne shekara talatin. In na bari, hoton Baba mafi kyau da muke da shi ke nan.

Irin wannan tambayar ce ke jiran mutum kusan kowane hoto na biyar. Akwai na Hajiya tana amarya, ɗankwali kawai, kafaɗa a buɗe, kamar yadda matan lokacin suke fita ba wanda ya ce uffan. Yau ba za ta yarda surukanta su gani ba, ta ma ce in na sake ya shiga WhatsApp na dangi ba ta yafe ba. Akwai na yayan Baba da ya tafi Libiya neman kuɗi, hoton da ya aiko shi ne labarinsa na ƙarshe. Akwai ƙanwata da ƙyanda ta ɗauke. Hajiya ta riƙe wannan ta daɗe ba ta ce komai ba, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Sai kuma batun addini, wanda ba mu cika faɗa a fili ba. Da yawanmu mun sauke hotuna daga bango saboda wa'azin da muka ji a kan rataye hoto a ɗaki. Mun sauke, amma hannu ya kasa kai fuskar uwa ko uba cikin shara ko wuta. Sai aka zaɓi hanyar tsakiya, a tura su ƙasan adaka a rufe. Ban ga laifin kowa a nan ba. Abin da na gani shi ne gara ba ta san da wannan sulhun ba. Ga kuma rikicin mallaka: malam ya raba gida, ya raba gona, amma ba wanda ya taɓa kawo masa ledar hotuna. A gidan da ke da ɗaki uku, duk wanda ya ɗauka ya gyara, gobe za a ce ya kwashe kayan Baba.

Abin da ke ba ni haushi da kaina shi ne yawancin hotunan nan ba su da na biyu a duniya. Mai hoto yakan zo biki da fim mai ɗaukar 36, ya wanko, ya bi gida gida, ka biya naka ka karɓa. Kilishe kuwa (fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa nake nufi, ba na nama ba) yana wurinsa. Waya ta zo, shaguna suka rufe, kamfanin Kodak kansa ya durƙushe a 2012, wa zai ajiye maka kilishen bikin 1985? Har giɓi na lura da shi a ledarmu: bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994 hotunan sun yi ƙaranci sosai, ƙannena biyu da aka haifa a lokacin ba su da hoton suna ko ɗaya.

Kuma ku duba abin kunya. Da an sa tsohon hoton ganuwar Damagaram a Facebook, na zamanin da garin nan yake babban birnin Nijar kafin a mayar Yamai a 1926, sai mu yi ta yaɗawa muna alfahari. Mun san abin da ke ciki ne don Bafaranshen da ya ɗauka ya rubuta a ƙasa. Namu fa? Akwai wani dattijo mai rawani a ledarmu, hancinsa irin namu sak. Hajiya ta juya shi ta ce dangin Baba ne, Gwaggo ce kaɗai ta san shi. Gwaggo ta rasu shekara biyu da suka wuce, kuma sau nawa ina zuwa gaishe ta a Karkada hannu rabbana.

Ranar dai mun yi guda arba'in da ɗaya kafin kiran magariba. Tana faɗa, ina rubuta suna da wuri a bayan kowanne da fensir, don biro yakan huda ya fito ta gaba, sannan in ɗauka da waya. Sauran sun fi ɗari biyu. Da na tashi tattarawa na ga wancan mai hannun lalle ba ya cikin tulin. Ta riga ta zare shi ta sa ƙarƙashin cinyarta, tana jan carbi kamar ba ita ba. Ban tambaya ba. Ta ce in dawo ranar Juma'a bayan masallaci, in kuma taho mata da goro.