Hawan Mambila: direba ke jawo amai, fasinja ke shan zagi

Wallahi abin da ake yi wa fasinjan da ya tashi daga Jos zuwa Gembu ya isa haka. Mutum ya biya kuɗin mota cif, ya yada zango a Jalingo, ya bi ta Bali da Serti, sai an wuce Mayo Selbe an fara hawan dutse zuciyarsa ta tashi, nan take direba ya hau shi da masifa, wai ya ɓata masa mota, sai ya biya kuɗin wanki. Tsohuwa ce ko mai ciki, ba ruwansa. To wa ya jawo?

Tashin zuciya a mota ba ragwanci ba ne, ba kuma ƙauyanci ba. A cikin kunne akwai sashen da ke auna motsin jiki. Idan mota tana karkata hagu da dama, kunne na gaya wa ƙwaƙwalwa ana juyi, ido kuwa yana kallon bayan kujera ko jakar wani, yana cewa a tsaye ake. Wannan saɓanin shi ke kawo hamma, zufa mai sanyi, yawu ya cika baki, jiri, sannan amai. Yara 'yan shekara 2 zuwa 12 da mata masu juna biyu sun fi kowa shan wuya. Hanyar kuwa daga kwana sai kwana, har a kai saman tsaunin da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600. Mu mutanen Jos mun saba da Hawan Kibo, amma wannan ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba.

Yanzu a dubi lodin. Mutum huɗu a kujerar mutum uku, biyu a gaba, buhuna har rufi, na baya ba ya ganin titi ko kaɗan. A but ga jarkar fetur tana tsiyaya, ga gilashin da ba ya sauka saboda mariƙinsa ya karye tun bara, sai direba ya miƙo sukundireba idan ya ga dama. Sannan a rataya turaren mota mai hawa kai. Tuƙin ma haka: ya taho a guje, ya taka birki da ƙarfi a bakin kwana, ya fizgi sitiyari, ya sake ba ta wuta. Wannan jijjigar gaba da baya ita ce ke juya ciki. Direban kirki tun daga nesa yake rage gudu, ya sa giya ta biyu, ya shiga kwanar a hankali. A gangara kuma wanda ya ɗora ƙafa kan birki bai sauke giya ba, birkin zafi yake ɗauka har ya daina kamawa, ka ji ƙauri na tashi. A nan ba maganar amai ake ba, maganar rai ce.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne roƙon a tsaya. "Direba, don Allah ɗan dakata, Mama ba ta jin daɗi." Sai ka ji, "Ku ba ta leda, mun makara." Minti biyar a Maisamari ko Nguroje, mutum ya taka ƙasa ya shaƙi iska, me zai rage masa? Shugabannin tasha da 'yan kamasho suna karɓar kuɗi kan kowace mota, amma ba wanda ke duba gilashi, ba wanda ke cewa a ba mai jiri kujerar gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Kafin su gyara, fasinja ya kare kansa. Maganin hana amai ba ya aiki sosai idan zuciya ta riga ta tashi, tun kafin hawa ake sha. Stugeron mai miligiram 15, babba ƙwaya biyu awa biyu kafin tafiya, sannan ɗaya bayan kowace awa takwas. Avomine mai miligiram 25 babba na shan ɗaya tun daren jajibirin tafiya, ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Dukkansu suna sa barci, direba kada ya kuskura ya sha, mai ciki da mai ƙananan yara kuma su tambayi likita ko mai kemis tukuna. Kada a cika ciki da masa ko tsire mai maiƙo a Serti, kada kuma a hau da yunwa. Biredi ko busasshen biskit ya wadatar. A ajiye waya a aljihu, a jingina kai, a kafa ido can nesa kan titi. Ɗanyar citta a baki tana taimaka wa wasu. Kunne ya toshe, a haɗiyi yawu ko a yi hamma.

Wanda ya yi amai sau da yawa, a zuba masa ORS ƙulli ɗaya cikin lita guda, wato fiya wata biyu, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. A sa rigar sanyi tun daga ƙasa, domin da an hau sama sanyi ke sa kowa ya rufe gilashi, iskar motar ta cushe, wanda ya daure tun Mayo Selbe ma ya fara neman leda.