Daren da na kwana a kan matakala saboda kalma ɗaya

Wata uku da zuwana Madrid, ina haya a hawa na uku a unguwar Lavapiés, na riga na fara ɗaga kafaɗa wai na iya Sifaniyanci. Na san conseguir na nufin "samu". Conseguir trabajo, samun aiki. Conseguir dinero, samun kuɗi. To me ya rage?

Wani dare cikin Janairu, sanyi kamar ya tsaga ƙashi, na dawo wajen sha ɗaya, mabuɗi ya ƙi juyawa. Na murɗa dama, na murɗa hagu, na yi bisimilla na sake murɗawa. Ƙofa ko gezau. Na kira mai gidan, wata dattijuwa da ta tafi Toledo wurin 'yarta. Ta zuba bayani kamar ruwan Agusta, ni dai "sí, señora" nake ta yi. Can ta ce, "¿Has conseguido abrir?"

Kunnena ya cafke conseguido, wato conseguir ɗin da na sani, ya watsar da abrir, wato "buɗe". Na ce a raina, tambaya take ko na samu mabuɗi. Ga shi kuwa a hannuna! Na amsa da ƙarfina, "Sí, sí," wato "Eh, eh." Ta ce, "Qué bien, buenas noches," ta kashe wayarta gaba ɗaya.

Fitilar matakalar irin mai kashe kanta ce bayan ɗan lokaci. Haka na kwana ina tashi ina danna maɓalli kamar mai gadin da ba a biya.

Da asuba maƙwabcina, wani tsoho da ke fita da karensa, ya tarar da ni a ƙudundune. Da ya gama dariya, har da riƙe ciki, sai ya zama malami. Idan conseguir ya zo kafin aikatau, in ji shi, ma'anarsa an yi fama har an ci nasara. Conseguí abrir, na sha wahala amma na buɗe. Lograr ma haka yake aiki: logré abrir. Ya ƙara da cewa pude abrir na nufin na buɗe ɗin, amma podía abrir ikon buɗewa kawai yake nunawa, bai ce an buɗe ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, muna da wannan a Hausa tun kaka da kakanni. "Da ƙyar na samu na fita." "Ka samu ka buɗe?" Samun nan dai, kafin aikatau, ma'ana ɗaya sak. Tsohuwa ta yi min tambayar da kakata za ta yi, ni kuma na amsa wata daban.

Mai gyaran makulli ya zo ƙarfe tara, ya ja ƙofar gabansa kaɗan, ya juya mabuɗina, ta buɗe. Ya miƙo hannu, na ƙirga masa kuɗin cefanen sati guda.