Ikilisiya ba ta girma da 'yan kallo

'Yan'uwana matasa, alheri da salama su kasance tare da ku. Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a bakinmu, kusan duk inda muka haɗu bayan an tashi sujada sai an yi shi: wai ikilisiyarmu ba ta ci gaba. Wani ya ce wa'azin fasto ne ya cika tsawo. Wani ya ce dattawa sun riƙe kome sun hana ruwa gudu. Wata ta ce kayan kiɗanmu sun tsufa, shi ya sa samari ke guduwa majami'un cikin gari. Ba na cewa duk ƙarya ne. Amma ina roƙonku ku amsa mini wannan tsakaninku da Allah: ranar da sakatare ya yi sanarwar sharar majami'a da yammacin Asabar, mutum nawa ne a cikinmu suka zo? Ranar Laraba da aka buga ƙararrawar addu'a, ina muke?

Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 6, ku karanta ta a natse. Ikilisiyar Urushalima tana cikin ƙaruwa sai gunaguni ya tashi. Yahudawa masu jin Helenanci suka ce ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abincin yau da kullum. Maganar tuwo ce fa, amma irin wannan ƙaramar maganar takan raba jama'a gida biyu. Manzanni goma sha biyu ba su share ƙorafin ba, ba su kuma bar aikin da aka kira su dominsa ba. Suka ce a zaɓo mutum 7 waɗanda ake yi wa kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, a danƙa musu hidimar rabon, su kuwa su duƙufa ga addu'a da hidimar Maganar Allah. Abin da ya biyo baya yana aya ta 7: Maganar Allah ta yi ta yaɗuwa, almajirai suka ƙaru ƙwarai a Urushalima, har firistoci masu yawa suka ba da gaskiya.

Ku dubi sharaɗin da aka gindaya domin rabon abinci kawai. Sai mai shaida, sai mai hikima, sai wanda yake cike da Ruhu Mai Tsarki. Mu kuwa yau mun ɗauki irin wannan aiki na wanda bai da wata baiwa ne. A cikin mutum bakwai ɗin nan akwai Istifanus, wanda ya zama na farko da aka kashe saboda sunan Yesu, akwai kuma Filibus, wanda ya kai bishara Samariya, ya yi wa babban ma'ajin sarauniyar Habasha baftisma a hanyar Gaza. Daga wurin raba wa gwauraye abinci suka fara. Ba mu karanta inda ɗayansu ya ce aikin ya yi masa kaɗan ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke zaɓen hidima. In aka ce ana neman wanda zai ja waƙa ko ya riƙe makirfo ranar makon matasa, hannuwa sai su yi yawa. In aka ce ana neman malamin makarantar Lahadi da zai zauna da yara 'yan shekara biyar a ƙarƙashin bishiya, ko masu wanke bayan gida, ko masu zuwa noman gonar ikilisiya da damina, sai kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Har ta kai wasu zumuntoci sai sun sa tara kafin a fito aiki. Wanda tsoron tara ya fito da shi zai yi sharar, amma zai yi ta yana tsaki, kuma ranar da aka ɗage tarar ba za a sake ganinsa ba. Bitrus ya gaya wa dattawa su yi kiwon garken Allah da yardar rai, kada ya zama dole ce ta sa su. In an nemi haka daga dattawa, mu ma ba a ɗauke mana ba. A Nehemiya sura 3, inda aka jera sunayen waɗanda suka gyara garun Urushalima, har da maƙeran zinariya da masu haɗa turare da 'ya'yan Shallum mata, an rubuta cewa manyan mutanen Tekowa sun ƙi sa wuyansu ga aikin. Ƙin nasu ma ya shiga Littafi, ana karanta shi har yau.

Mai yiwuwa wani ya ce, to mene ne haɗin shara da ƙaruwar ikilisiya? Ku ɗauki mace baƙuwa da ta zo sujada karo na farko, da goyo a baya da wani yaron a hannu. Tun ba ta ji ko kalma ɗaya daga bakin fasto ba ta riga ta ga abubuwa da yawa. Ta ga ko an tare ta da fara'a a bakin ƙofa, ko an bar ta tana raba ido tana neman wurin zama. Ta shafa benci ta ga ko ƙura ce a kai. Ta ga ko akwai wanda ya karɓi yaron ya kai shi ajin yara, ko wanda ya miƙo mata Littafin Waƙoƙi ya nuna mata lambar da ake rerawa. Bayan an tashi, wata ta tambayi sunanta da unguwarsu, ranar Talata kuma sai ga sallama a ƙofar gidanta. Wannan matar za ta dawo, wata rana ma da mijinta. Duk abin da na lissafa babu wanda yake bukatar digirin tauhidi, babu kuma wanda fasto zai iya yi shi kaɗai yana kan bagade. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai maganar addu'a, wadda ta fi damuna. Ku leƙa majami'a da yammacin Laraba. Layin gaba za ku ga iyayenmu mata, wasu sun taso daga kasuwa ko gona ko ruwa ba su watsa ba, sun durƙusa a kan siminti sun kifa goshi a benci. Gefe guda dattijo biyu ko uku, ɗaya yana riƙe da 'yar takarda da aka rubuta sunayen marasa lafiya. In ka kasa kunne za ka ji sunan wa suke kira: namu. Wane da ke neman aiki, wance da za ta rubuta jarrabawa, ɗan wane da ya faɗa shaye-shaye. Su suke kuka a gaban Allah saboda mu, mu kuwa a daidai lokacin muna gidan kallon ƙwallo. Waɗannan iyaye ba za su dawwama ba. In Ubangiji ya kira su gida, wa zai durƙusa a wurin nan?

Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna mana sau da yawa yadda ikilisiya ta ɗauki manyan matakai da addu'a. Mutum wajen 120 ne suka nace da addu'a kafin ranar Fentikos, ranar da aka ƙara musu mutum wajen 3,000. Da Hirudus ya kulle Bitrus, ikilisiya ta taru a gidan Maryamu uwar Yohanna Markus tana roƙo da naciya, kuma wata yarinya mai aikin gida, Roda, ita ce ta fara jin muryarsa a bakin ƙofa. A Antakiya suna cikin sujada da azumi ne Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe masa Barnaba da Shawulu. Ubangiji Yesu da kansa, da ya ga girbi da yawa ma'aikata kaɗan, abin da ya fara umarta shi ne a roƙi Ubangijin girbin ya aiko da ma'aikata. Sau da yawa kuma wanda ya yi wannan roƙon da gaske shi ne yakan tashi ya tarar an aike shi.

Ba sai mun je nesa ba, tarihinmu ma shaida ne. Ran 17 ga Maris 1923 aka yi sujadar farko a Garkida, cikin jihar Adamawa ta yau, a gindin tsamiya, daga nan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) ta samo tushe. Ba rufi, ba lasifika. A farkon shekarun 1960 aka soma aikin bishara na Sabon Rai Don Kowa a ƙasar nan, kuma abin da aka fara kafawa kafin a fita wa'azi shi ne ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje da unguwanni. Bayan haka ne manoma da malaman makaranta da 'yan kasuwa suka riƙa fita ƙauyuka da bishara, a ƙafa ko a keke, da guzurinsu. Ku tambayi tsofaffin majami'arku yadda aka kafa ta. Da wuya ba za ku ji labarin wani mai bishara da ya zauna a ɗakin jinka yana noma da hannunsa ba, da Zumuntar Mata da suka ɗebo ruwa da yashi a ka ranar da za a yi gini. Ko a 2014, lokacin da Boko Haram suka tarwatsa garuruwa da yawa a arewa maso gabas har suka shiga hedkwatar EYN a Kwarhi, 'yan'uwa da suka yi gudun hijira sun ci gaba da taruwa suna addu'a a wuraren da suka sami mafaka. Gine-gine sun ƙone, amma sujada ba ta tsaya ba, domin akwai waɗanda suka saba ɗaukar nauyinta tun kafin masifa ta zo.

Na san uzurorinmu, wasu kuma masu nauyi ne. Akwai wanda ya gama makaranta shekaru ba aikin yi, zuciyarsa ta karaya. Akwai wanda ya taɓa ba da kansa aka yi masa maganar da ta sa ya ja da baya. Ga iyayenmu dattawa, cikin ladabi nake cewa: in yaro ya kawo kansa, ku ba shi aiki na gaske, ku koya masa, in ya yi kuskure ku gyara masa a keɓe. Tsawa a gaban jama'a ta kori matasa masu yawa. Amma kai ɗan'uwana, kada ɓacin rai da mutum ɗaya ya raba ka da hidimar Ubangijin da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na wanda zai bashe shi a daren. Rashin kuɗin baiko kuma bai hana ka jera kujeru ba, bai hana ka raka tsohuwa asibiti ko koya wa ƙannenka karatun Littafi Mai Tsarki ba.

Kada kuma mu raba biyun nan, wato hidima da addu'a. Na ga masu himmar aiki da ba sa addu'a. Ba a jima sai gajiya ta kama su, su fara ƙirga abin da suka yi da wanda wasu ba su yi ba, daga nan sai faɗa. Akwai kuma masu kwana addu'a waɗanda in aka ce a ɗauki shebur sai su ce ba kiransu ba ne. Mutanen Nehemiya da maƙiya suka taso musu, sun yi addu'a ga Allah, sun kuma sa masu tsaro dare da rana, cikin kwana 52 garun ya kammala. Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma. Girman nan ba a hannunmu yake ba, shi ya sa dole mu roƙa. Shuka da ban ruwa kuwa an bar mana su.

Saboda haka Lahadin nan, in an tashi, kada ka wuce gida kai tsaye. Ka sami sakatare ko shugaban matasa ka tambaye shi aikin da aka rasa mai yi, ka karɓe shi, ka riƙe shi ko da wata shida ne ba tare da an bi ka da tuni ba. Ke ma 'yar'uwa, ki nemi ƙawaye biyu ku tsai da rana ɗaya a mako, ku rubuta sunayen waɗanda suka daina zuwa sujada, ku yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ku je ku gaishe su a gida. Fastonku ma ku sa shi a ciki, shi da iyalinsa. Ranar Laraba kuma in an buga ƙararrawa, ku zo da wuri ku zauna kusa da iyayen nan, ku ji yadda suke roƙo, in an ce wa zai yi mana addu'a a kan marasa lafiya, ɗayanku ya miƙe.