Yafe bashi alheri ne, amma bai kai jari ba

A Attaura akwai dokar da Yahudawa ke kira Shemita: a noma ƙasa shekara shida, ta bakwai a bar ta ta huta. Ba huɗa, ba shuka. Abin da ya fito da kansa, inabi ne ko ɓaure, ba na mai gona ba ne shi kaɗai. Matalauci ya shiga ya tsinka, dabba ma ta ci. Shekarar na ƙarewa kuma, bashin da ke tsakanin Bayahude da ɗan'uwansa ya faɗi. Ta baya-bayan nan ta kama daga Satumbar 2021 zuwa Satumbar 2022, mai zuwa za ta fara a 2028.

Da jin haka sai ka ce kakar talaka ta yanke saƙa. Ina! Shekarar na matsowa, masu hali suka riƙa ɗaure bakin jaka, don ba mai son ba da rancen da ya san ba zai dawo ba. Attaurar ma ta ja kunne kan wannan rowar, amma son zuciya ya fi ƙarfin jan kunne. Manomin da aka so a tausaya wa shi ne ya koma yana neman kuɗin iri bai samu ba.

Shi ya sa wajen shekara 2,000 da suka wuce malaminsu Hillel ya fito da takardar prozbul: mai bin bashi ya miƙa bashin hannun kotu, ta haka ya samu damar karɓar kuɗinsa ko bayan shekarar. Wasu na ganin dabara ce ta kauce wa doka. Ni kam ina bayan Hillel. Ya gane cewa abin da ya fi damun mai ƙaramin ƙarfi shi ne gobe ya ƙwanƙwasa ƙofa a buɗe masa.

Musa bin Maimun, malamin Yahudawa haifaffen Kurɗuba ta ƙasar Sifen da ya rasu a Masar a 1204, ya kasa sadaka hawa takwas. Can ƙasa akwai mai bayarwa yana ɓata rai. A ƙololuwa ya sa wanda ya ba mutum rance, ko ya ja shi cikin kasuwancinsa, ko ya samo masa aiki, har ya daina miƙa hannu. Ko bawan da ake sallama bayan shekara shida, Attaura ta hana a sake shi hannu rabbana. Sai an ɗibar masa daga garke da masussuka.

Mu da muka saba da layin karɓar kwanon shinkafa duk azumi, a ɗauki hoto a watse, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Kuɗin buhunan nan da zai sayi keken ɗinki nawa?

Har yau unguwannin Yahudawa na da asusun da suke kira gemach, mai ba da rance babu ruwa. Wasu ma ba kuɗi suke bayarwa ba, aron kujerun biki ne, ko rigar amarya, ko keken guragu. Ka gama ka mayar, na bayanka ya ɗauka.