Dogon Hutu Ya Zo, Ina Za Mu Kai Yara da Ɗan Abin da ke Aljihu?

Tun makon da aka rufe makarantu, kukan da nake ji a majalisarmu bayan sallar isha'i iri ɗaya ne: yara sun cika gida, abinci yana ƙarewa da wuri, rigima ba ta yankewa, kuma babu kuɗin fita da su. Ban musa ko ɗaya daga ciki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, magidanci mai 'ya'ya biyar sai ya yi lissafi sau biyu kafin ya tsayar da adaidaita sahu, balle a zo ga maganar kuɗin shiga wurin wasa da na ciye-ciye. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda muka ɗauka cewa fita da yara tana nufin zuwa manyan shagunan zamani a hau lilo na kuɗi, a sha ayis kirim, a ɗauki hoto a ɗora a Facebook. Da wannan ma'aunin, mafi yawanmu za mu zauna a gida har a koma makaranta a watan Satumba, yaran kuma su ƙare makonninsu a gaban waya ko a bakin kwata.

Ni mazaunin Kano ne, saboda haka da ita zan yi misali. A hutun bara na ɗauki 'ya'yana uku da ɗan ƙanwata muka tafi Gidan Makama da sassafe, bayan uwarsu ta zuba mana ɗanwake a kula da zoɓo a gora. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Gidan nan an gina shi ne tun ƙarni na 15, kuma tarihinsa yana haɗe da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. A ciki yara suka ga ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, da hotunan sarakuna, da bayanin yadda Turawa suka ci Kano a 1903, da ɗakin amarya na da da jerensa. Babbar 'yata, wadda take aji biyu a ƙaramar sakandare, ta daɗe tana kallon azara da daurin guga na rufin soro, sannan ta tambaye ni yadda aka yi ginin ƙasa ya riƙe kansa ba tare da rodi da siminti ba. Amsar da na iya bayarwa ba ta gamsar da ita ba, sai da muka koma gida na kai ta wurin wani dattijo magini a unguwarmu ya zana mata a ƙasa. Ta yi shekaru tana haddace sunan Rumfa don jarrabawa, amma ranar ce ta fara ɗaukarsa a matsayin mutumin da ya taɓa rayuwa a garin da take ciki.

Daga nan marinar Ƙofar Mata ba ta da nisa. Tarihi ya ajiye kafuwarta a 1498, kuma har yau akwai marina da suke haɗa baba da toka a cikin rijiyoyin rini, suna tsoma zane suna ɗagawa iska ta buge shi, launin yana sauyawa daga kore-kore zuwa shuɗi a gaban idonka. Yaro yana kallon wannan zai tambayi dalili, kuma dalilin kimiyya ce tsantsa, wato haɗuwar ruwan baba da iska. Ina ba da shawarar kada a je a tsaya kallo kawai a juya. A gaida masu sana'ar da ladabi, a nemi izini kafin ɗaukar hoto, a ba su ɗan abin da ya sawwaƙa ko a sayi ƙaramin ƙyalle, domin yaran su ga yadda ake girmama mai sana'ar hannu.

Dutsen Dala kuwa a ware masa ranarsa daban, a hau shi da hantsi kafin rana ta yi zafi, kuma a riƙe hannun ƙananan sosai. Daga samansa uba zai iya nuna wa ɗansa babban masallacin Juma'a, da wajen Kasuwar Kurmi, da Gwauron Dutse, ya ba shi labarin Barbushe da Tsumburbura, da yadda aka fara ginin ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu. Zai kuma ga, kamar yadda na gani cikin takaici, yadda badala ta zaizaye, gine-gine suka cinye wurare da yawa nata. Wannan ma darasi ne, domin yaron da bai taɓa ganin ganuwa ba, ba zai ji zafin rushewarta ba idan ya girma. Akwai kuma gidan zu na Audu Bako, da Gidan Ɗan Hausa inda Baturen nan Hans Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna, da laburaren Murtala Muhammad ga masu son karatu. Wanda ba ya Kano ma yana da nasa: na Katsina ga hasumiyar Gobarau, na Daura ga rijiyar Kusugu, na Damagaram ga fadar Sarki da tsohuwar unguwar Birni, na Yamai ga gidan tarihi na Boubou Hama.

Sai dai fita biyu ko uku ba za su cika hutun mako shida ba, kuma a nan ne nake ganin aikin ya fi yawa. Dogon hutunmu yana faɗowa a tsakiyar damina, kuma wannan wata baiwa ce da muke sakaci da ita. Tsohon buhun shinkafa, da ƙasa, da ɗan takin awaki sun isa a buɗe gona a tsakar gida ko a gidan haya ne. A ba kowane yaro buhunsa, wannan ya shuka alayyafo, wancan kuɓewa, wani yakuwa ko wake. Wake yana tsirowa cikin 'yan kwanaki, alayyafo kuma yana isa yanka cikin kamar wata guda, wato kafin a koma makaranta yaro zai ci miyar abin da ya shuka da hannunsa. Ƙaramin ɗana, wanda a da sai an yi da gaske yake tashi da safe, ya koma yana riga kowa fitowa don ya duba ko kuɓewarsa ta yi fure. Wanda yake da dangi a ƙauye kuma, ya daure ya kai yaran su yi ko da mako guda wurin kakanninsu. Kuɗin mota ne kawai, ga zumunci an sada, ga yaro ya bambance gero da dawa tun suna a tsaye a gona, ya ga yadda ake tatsar saniya da yadda ake huɗa.

Da dare kuma, musamman idan an ɗauke wuta, a shimfiɗa tabarma a dawo da tatsuniya. Na lura cewa yara da yawa a birni yanzu idan ka ce musu "ga ta nan, ga ta nanku", ba su san ana amsawa da "ta zo mu ji ta" ba. Ba su san Gizo da Ƙoƙi ba, ba su san Ɓotorami ba, ba su san ana rufewa da "ƙurunƙus" ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin a cikin tatsuniya da kacici-kacici ne yaro yake samun Hausa mai zurfi da kaifin tunani. Ka ce masa "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya", ka bar shi ya yi ta juya kai har ya gano tsintsiya ce. Ka haƙa gurabe 30 a ƙasa, ka ba shi tsakuwa 12, kai ka riƙe karare 12, ka koya masa dara, wasan da yake koyar da lissafi da haƙuri da hangen abin da abokin karawa zai yi. 'Yan mata ga gaɗa da 'yar gala-gala da carafke, maza ga langa da ƙera motar kara. A madafa ma akwai abin yi: a sa su dama gullisuwa ko tuwon madara, su soya wainar fulawa, su koyi auna gari da sukari. Kuma ina nufin maza da mata duka, domin namijin da ya iya dafa abin da zai ci ba ya wulaƙanta idan karatu ko aiki ya kai shi wani gari.

Ga 'yan uwana iyaye maza nake son in yi magana kai tsaye. Yawancin abubuwan da na lissafa, idan aka yi su ma, uwa ce ake bar wa su, alhali ita ce take fama da girki da wanki da rabon faɗa tun asuba. Mu kuwa muna fita kasuwa ko ofis, mu dawo mu zarce majalisa, sai mun tabbata yara sun yi barci mu shigo. Na san neman abinci wajibi ne, kuma na san gajiyar da ke cikinsa a wannan zamani. Amma yammacin Juma'a ɗaya, ko safiyar Lahadi, ba za ta gagari mai niyya ba. Mai shago ya tafi da ɗansa shagon kwana biyu a mako ya koyi karɓar kuɗi da ba da canji da yi wa mai saye magana. Tela, da kafinta, da mai gyaran waya su ma haka. Ban ƙi lesin na hutu ba ga yaron da yake da rauni a wani darasi, haka nan hutu lokaci ne mai kyau na ƙarfafa hadda a Islamiyya, amma in aka cika ranar yaro da aji tun safe har yamma don kawai a rabu da hayaniyarsa, to an canza masa makaranta ne, ba a ba shi hutu ba.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin nishaɗi. A damina kududdufai da ramukan da aka haƙi ƙasa suna cika, kuma kusan kowace shekara muna jin labarin yaran da suka tafi wanka ba su dawo ba. Yaron da ya san gobe Baba zai kai shi Dala, ko yana da buhun alayyafo da zai yi wa ban ruwa, ko an yi masa alƙawarin dara da yamma, ya fi wuya ya bi abokai zuwa bakin ruwa. A kuma kula da gidan sauro, domin zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta a waɗannan watanni, kuma jinyar yaro ɗaya tana iya cinye abin da ya ninka kuɗin duk fitar da na ambata.

Mu a gidanmu mun riga mun tsara na bana. Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zagaya Kasuwar Kurmi su ga dukawa da masu sayar da kayan doki, kuma na yi magana da maƙwabcina mu haɗa yaranmu mu raba kuɗin mota. Buhunan shukar ma sun riga sun jeru a bakin rariya.